Turakun Bakin Tabki

A garinmu, in ruwan tabki ya fara ja da baya, kowa sai ya bi laka da turaku yana tsawaita iyakar fadamarsa. Bana ni na kafa namu, tunda maigidana Mutari ya rasu da damina. Wannan 'yar fadamar ce abincin 'ya'yana huɗu.

Kwana uku a jere ina tarar da turakuna sun gusa. Abin mamaki, cikin gonar maƙwabcinmu Rabo suke shiga, taku biyu cur. Haba! Wa ya taɓa ganin ƙasa ta ƙaru a banza? Raina ya ba ni tarko ne: in dasa albasa, ta yi kyau, sannan ya ce a gonarsa na dasa. In na mayar da su, gobe su koma. Ran Talata na kai ƙararsa wurin maigari, ba ya nan, gaban mutane na kira shi macuci.

Washegari da hantsi na bi 'yar hanyar da ta zagaye tabkin, ta cikin bagaruwa da kaba, don in ɓullo masa ta baya. Ga sawun takalmin taya a laka, ƙafar hagu tana ja. Rabo kaɗai ke ɗingishi haka. Balbelu suka tashi, na laɓe bayan wata giginya.

Ga shi kuwa, duƙe, yana tumɓuke turkena.

"Malam Rabo, ka ji tsoron Allah! Gonar marayu ce!"

Bai ko ɗago da sauri ba. Ya ce, "Wasila, zo ki tsaya nan. Da wane icce kika daidaita layinki?"

"Da gawon can ƙetare."

"Gawo biyu ne. Ni da Mutari da na dama muke awo, shekara ashirin. Ke kin ɗauki na hagu, kin bar mini taku biyu na yaranki. Ba ni iya cin su."

"To mi ya hana ka faɗa mini?"

"Kina takaba lokacin da aka fara kafi. Bayan nan kuma ko gaisuwata ba ki amsawa."

Na duba. Wallahi gawo biyu ne. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa ido.

Ya buga turken, ya share hannu a riga. "Bari in tahi," ya ce. "Maigari na kirana, wai an kai ƙarata."