Keken da Iya Ta Zaɓa da Kunne

"Matso da wayar kusa da allurar," in ji muryar Iya Tela. "Ki ce masa ya taka a hankali, ba tsere ake yi ba."

Maman Biyu ta durƙusa a shagon mai gyaran keken ɗinki, ta kara wayar a jikin ƙarfen. Shagon bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, kawunan tsofaffin kekuna jere a kan kanta har rufi, ko'ina warin mai da tsatsa. Mai gyara ya taka, keken ya kama ƙaraf-ƙaraf.

"Tari yake yi," Iya ta ce. "A wuce shi."

Na huɗu ke nan da ta ƙi. Mai gyara ya share hannu da tsumma, ya yi murmushin da bai kai ciki ba.

"Hajiya, shekara ashirin ina wannan sana'a, ban taɓa ganin inda aka sayi keke da kunne ba."

"Yi haƙuri, malam. Ba ta iya saukowa ne."

Ba ta gaya masa sauran ba. Iya Tela maƙwabciyarta ce, ƙofa na kallon ƙofa a hawa na biyu. Ta yi shekara talatin a masana'antar ɗinki kafin gwiwoyi su zaunar da ita, ta kyautar da kekenta. Yanzu ciwon zuciya ya kumbura mata ƙafa da yatsu, ba ta iya kwanciya sai a jingine da matasai uku. Autarta, wadda suke zaune tare, tana da cikin wata takwas, kuma ba ta tashi daga aiki sai yamma. Tun da cikin ya fito Iya take harhaɗa ƙyallaye da hannu, za ta yi wa jaririn bargo, har ranar da allura ta ƙi zama a yatsunta. A ranar ta kira Maman Biyu.

"'Yar nan, ni dai ba na jin zan ga yaron nan. Amma ina so ya kwanta a kan aikina. Ki samo mana tsohon keke, ke ki zama ƙafata, ni in zama idonki."

Maman Biyu ba ta iya komai ba sai facin kayan makarantar tagwayenta, amma wa zai ce a'a?

Abin da ke damunta yanzu ba keken ba ne, numfashin da take ji a wayar ne. Tsakanin kalma da kalma Iya sai ta tsaya ta ja iska, kamar mai hawan tudu da kaya. Kuma ita kaɗai ce a ɗaki. Maman Biyu ta ce mata awa ɗaya za ta yi, ga shi an doshi biyu.

"Iya, ko in dawo gobe? Kin sha maganin rana kuwa?"

"Gobe ta Allah ce. Babu wani?"

Mai gyara ya sunkuya ƙarƙashin teburi ya jawo wani baƙin kai, fentinsa duk ya goge a inda hannu ke dafawa. "Wannan ya girme ki, Hajiya. Ban ma so nuna shi ba." Ya ɗora shi a kan ƙafar keke, ya sa bel ɗin da ke juya shi, ya ɗiga mai. Maman Biyu ta miƙa masa gwajin da Iya ta haɗa mata, ƙyalle biyu da auduga a tsakani. Ya taka. Allurar ta ratsa ninkin uku kamar ba komai, sautin ya fita sumul, ba gargada.

"Iya, kin ji?"

"Wannan..." in ji Iya. Sai aka ji ƙarar wani abu ya bugi ƙasa.

"Iya? Iya!"

Layin bai katse ba, amma babu magana. Ta kashe ta sake kira, ya yi ta ringi har ya gaji. Ta kira Auta, waya a kashe, don ba a barinsu da ita a wurin aiki.

"Nawa ne?"

Ya faɗa. Ba ta taya ba, ta zube masa. Shi kansa sai da ya kalle ta, sannan ya fita da gudu ya taro motar kaya.

A hanya suka tarar da cunkoso a mahaɗar titi, wata babbar mota ta mutu a tsakiya. Maman Biyu na zaune a gaba, tana kira tana sake kira, tana jin ƙafar keken na bugun bayan motar. Me ya kai ta barin tsohuwa ita kaɗai? In ta faɗo daga gado fa? Me za ta ce wa Auta, da cikin nan nata? Ta ce mata keke ta je saye?

"Direba, don Allah babu wata hanya?"

"Sai dai mu yi fiffike, Hajiya."

Da suka iso ba ta jira an sauke kaya ba. Ta haye matakala bibbiyu, takalmi ɗaya ya zame ta bar shi. Ta zura mabuɗi ta murɗa. Da ƙofar ta buɗe, ga Iya a jingine, ido rufe, baki a ɗan buɗe, wayar a ƙasa gefen gado. Maman Biyu ta tsaya cak tana kallon ƙirjinta. Ya ɗaga. Ya sauka.

Iya ta buɗe ido ɗaya. "Ina keken?"

"Haba Iya! Kin kusa kashe ni!"

"Wayar ce ta suɓuce, na kasa sunkuyawa. Cewa zan yi shi ne. Nawa kika ba shi?"

Ta gaya mata. Iya ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Mutumin ya cuce ki. Amma keken ba zai cuce ki ba."

Aka kafa shi a bakin taga, inda Iya za ta iya gani daga gado. Kullum in tagwaye sun tafi makaranta, Auta ta fita aiki, Maman Biyu sai ta tsallako. Ranar farko layinta ya yi ta karkacewa kamar tafiyar maciji, Iya ta sa ta farke shi sau uku.

"Kada ki ja ƙyallen, shi ya san hanya. Rakiya kawai za ki yi masa."

Ko idonta a rufe, kunnenta na aiki. "Zaren ƙasa ya kusa ƙarewa." A duba, haka ne. "Kin yi sauri a kwana." Haka ne. Rana ta biyu Iya ta ƙi abinci, sai ruwa a cokali. Auta ta ce a koma asibiti, Iya ta ce likita ya riga ya faɗi nasa, ita ma ta faɗi nata. Ƙafafunta sun yi suntum, leɓenta ya canza launi. Maman Biyu na ɗinki tana satar kallonta, har ta soki yatsa.

"Idonki a kan allura," Iya ta ce. "Ba inda za ni ban faɗa miki ba."

Rana ta uku, bayan azahar, saura gefe ɗaya a kama bakin bargon. Iya ta ce a fara daga kusurwar hagu. Maman Biyu ta saita, ta taka. Keken na tafiya, hasken taga na kan hannunta. Ta zo kwana ta yi sauri, ta san ta yi sauri, ta saurara a yi mata faɗa.

Ba a yi ba.

Ba ta waiwaya ba. Ƙafarta ta ci gaba da takawa, wuyanta ya sandare. Ta ce a ranta barci ne, ai jiya ma ta yi. Ta kasa kunne ta ƙarƙashin ƙarar keken tana neman jan iskar nan da ta saba ji, ba ta same shi ba. Muddin keken na tafiya ba a tabbatar da komai ba, don haka ta taka, ta taka, hawaye na ɗiga a kan ƙyallen, har allura ta kai ƙarshen gefen, ba sauran abin ɗinkawa.

Ta cire ƙafa. Ɗakin ya yi tsit.

Kan Iya ya ɗan karkata wajen taga, hannuwanta a kan cinya. Maman Biyu ta kira ta sau biyu, ta taɓa wuyanta, ta yi salati. Ta shafe mata ido, ta gyara mata ɗankwali, ta zare matashi ɗaya ta kwantar da ita sosai, kwanciyar da ta yi wata biyu ba ta samu ba.

Ta kira wurin aikin Auta ta lambar ofis. Aka haɗa su. Yaya ake faɗa wa mai cikin wata takwas, tana tsaye cikin mutane, ga titi a gabanta?

"Auta, ki nemi izini ki taho gida. Ki taho a hankali."

"Lafiya, Yaya? Jikin ne?"

"Ki dai taho. Ina nan tare da ita."

Ta sanar da matar mai gidan da ke ƙasa, ta roƙe ta kada kowa ya ɗaga murya tukuna. Sannan ta koma bakin taga ta tsaya, tana juya kalmomin da za ta fara da su, kowace ta ɗauka sai ta ajiye.

Can bas ta tsaya a tsallaken titi. Auta ta sauko da ƙyar, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan riƙe da ledar lemo. Ta tsaya a bakin kwalta tana jiran motoci su wuce. Ta ɗaga kai, ta hango Maman Biyu a taga, sai ta ɗago ledar sama ta nuna mata.