Awon Jan Baba Kabo

"Baba, ya yi ja! Wallahi ya yi!"

Rauda ta faɗo ɗakin da kaskon kwaɓin jan launi a hannu, ko sallama ta manta. Malamar kimiyya ce a makarantar 'yan mata, Baba Kabo kuwa maƙwabcinsu ne, tsohon mai zanen bango. Rabin tsofaffin zaurukan Daura jansa ne a goshinsu, kuma bai taɓa koya wa kowa haɗin ba. Tun da asibiti suka ce a mai da shi gida, Rauda ta rantse launin nan ba zai bi shi kabari ba.

Tsohon ya dangwala, ya shafa a bango kusa da tabarmarsa.

"Ja ne, 'yata. Amma ba nawa ba."

Karo na uku ke nan. Abin ya ƙona mata rai, don lissafinta ba gyara. Ƙasar rawaya da ake haƙowa a wajen Zango, in an toya giram ɗari da saba'in da takwas, ruwa sha takwas ya fita, ja ɗari da sittin ya rage. Baba Kabo ya ce mata uku na ja, ɗaya na garin makuba, wato ɓawon ɗorawa, ta kuwa auna a sikelin makaranta.

Inna Hajo, matarsa, ta tuntsire da dariya daga bakin ƙofa.

"Sikeli? Ke Malama, wannan mutumin ya san sikeli? Shekara arba'in da hularsa yake awo, ni nake shan wankinta!"

Rauda ta yi tsalle kamar ba malama ba. Ta zare hular daga ƙusa, ta cika ta da ja sau uku, da makuba sau ɗaya, tana ɗora kowanne a sikeli tana rubutawa. Ashe makuba ba ta da nauyi, awon sikeli ne ya sa ta yi ta lafta ta.

Da ta kawo sabon kwaɓin, Baba Kabo ya ja layi na huɗu da babban yatsa. Ya daɗe yana kallo.

"Yawwa. Kin rubuta?"

"Na rubuta, Baba."

"To madalla."

Washegari da hantsi ya cika. Da Rauda ta shiga yi wa Inna Hajo gaisuwa, an riga an naɗe tabarmar. Hular tana kan ƙusarta, a ƙasanta layuka huɗu, na ƙarshen ya bushe ya ƙara ja.