Furar da Ta Cinye Rumbunan Unguwar Labbo

Tun da aka kwaso Inna Uwa daga ƙauyensu na bayan Kucheri aka kawo ta Gusau, bakinta ya mutu. Tsohuwar da a da in ta fara faɗa har akuya sai ta bar mata tsakar gida, sai ga ta zaune a ƙofar ɗakin haya, a ajiye mata tuwo ya huce a zo a ɗauke. Ranar da 'yan bindiga suka shiga Unguwar Labbo kowa ya gudu da abin da ke jikinsa. Ɗanta Garba bai fito ba. Ba a ga gawa ba, ba a ji labari ba.

Wasila, 'yar Garban, da ma tana Gusau tana karatun kwamfuta. Ita ma abin yana cin ta, amma ta samu wurin ɓuya: wani gem, wasan kwamfuta da ake gina gari a cikinsa, mutane su yi noma, su yi girki, su hayayyafa. Ta gina Unguwar Labbo tsaf, da rijiyar bakin masallaci, da tsamiya, da rumbuna. Ta raɗa wa kowane ɗan mutum suna. Wani manomi mai jar hula ta sa masa Garba, ba ta gaya wa kowa ba.

Wata la'asar Inna ta leƙo ta bayanta, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Rijiyar nan ba nan take ba. Matsa da ita gabas."

Wallahi Wasila saura kaɗan ta saki kuka, don maganar farko ke nan mai tsawo da ta ji daga bakin kakarta. Daga ranar, kullum bayan la'asar sai Inna ta ja tabarma ta zauna gaban kwamfuta. Tun ranar da ta tambayi sunan mai jar hula Wasila ta faɗa mata, shi take fara nema. In ta gan shi ya saɓa fartanya ya nufi gona, sai ta ce a miƙo mata kwanonta.

Abu ɗaya ke ɓata mata rai, wato abincin mutanen. Masu gem ɗin burodi da cuku suka sani, Inna kuwa sai ta ce, "Garba da burodi? Shi da ko shayi ba ya sha?" Don haka Wasila ta nemi Munzali, ɗan ajinsu da ke zuwa daga Bungudu, ya koya mata abin da 'yan gem ke kira mod. Ashe ba wani tsafi ba ne. Fayil ne za ka buɗe ka rubuta sabon girki: abin da za a zuba, yawansa, daɗewarsa a wuta, da abin da zai fito. Inna tana faɗa tana rubutawa. Aka yi tuwon dawa, aka yi daddawa, aka yi ƙuli-ƙuli, duk suka zauna lafiya.

Sai aka zo kan fura. Gero, nono, citta, kanumfari. Inna ta kafe kan abu biyu: duk ƙauyen babu wanda ba ya son fura, kuma fura ba ta daɗewa, in ta kwana ta yi tsami sai zubarwa. Wasila ta rubuta haka, ta kai son fura ƙarshen ma'auni. Akwai wani layi a ƙasa da ke tambayar geron da za a bari a rumbu kada a taɓa. Idonta ya wuce ta kansa, ya zauna a sifili.

Washegari da safe ta gwada, ta ga mata sun fito da turame, ta yi murna. Ta ƙara wa gem ɗin gudu don ta ga yadda abin zai zauna, sai aka kira ta a waya cewa malami ya shiga aji. Ta figi hijabi ta fice, kwamfuta na jone da wuta. Wutar nan da kullum ake zaginta, ranar ko ƙiftawa ba ta yi ba!

Bayan azahar ta dawo. Tun daga ƙofa ta hango allon ya yi ja. A cikin gem ɗin shekaru sun wuce. Mutanen sun daka fura ta yi tsami, sun zubar, sun koma rumbu, sun sake dakawa. Sun cinye na ci, sun cinye na iri. Damina ta zo babu abin shukawa. Gonaki fayau, kaburbura sun yi layi a bayan tsamiya, sauran mutanen kuma sun ɗauro kaya a ka sun miƙi hanyar fita gari.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ta danna tsayawa, komai ya daskare. Ta shiga duba kaburburan ɗaya bayan ɗaya, tana karanta sunaye. Babu Garba. Can ta hango jar hula a cikin masu tafiya, ƙunshi a kansa, saura ɗan taƙi ya kai bakin taswira. Ta kuma san dokar gem ɗin sarai: duk wanda ya ƙetare bakin nan ya tafi ke nan.

Ta nemi ajiyar jiya don ta koma baya. Babu. Gem ɗin da kansa yake ajiya, kuma kan tsohuwar yake ɗora sabuwa. Ta buɗe fayil ta goge fura gaba ɗaya, sai garin ya ƙi buɗuwa, wai akwai wani abu a ƙoren mutane da ba a san sunansa ba. Ta mayar da furar harafi bayan harafi tana addu'a, garin ya dawo yadda ta bar shi.

Inna tana ɗaki tana barcin rana. Wasila ta laɓe bayan ɗaki ta kira Munzali.

"Ke ma dai Wasila, wa ke barin gem a guje ya fita? Ba ki kwafi ajiyar a wani wuri ba?"

"Don Allah ba faɗa na kira ka yi mini ba. Mi zan yi?"

Tana jin ƙarar babura ta wayarsa ya ce, "Rubuta girkin ƙarya. A zuba ƙasa, gero ya fito. Rumbuna za su cika."

Ta rubuta. Kunya ma ta kama ta, wai ƙasa ta zama gero, amma ta saki gem ɗin na ƙiftawar ido, hatsi ya fara taruwa. 'Yan tsirarun da suka rage a gida suka nufi rumbu. Masu tafiya ko waiwaye ba su yi ba, Garba ma ya ƙara matsawa gaba. Ta yi wuf ta sake tsayar da shi.

"Munzali, ba su juyo ba, ga mai jar hular da na sa wa sunan babana zai fita!"

"Ai wanda ya riga ya ɗaura kaya ba ya juyowa. Wannan ba a fayil ɗin girki yake ba, a cikin gem ɗin yake can ciki. Ki yi wani mai jar hula mana, ki sa masa sunan."

Ta kashe wayar. Inna da ta gane rijiya ta goce, ita za a yi wa musanyen ɗa? Tsoro ya kama ta, tsoron kwanon tuwo da zai koma hucewa a ƙofar ɗaki, tsoron kuma cewa wannan karon da hannunta ta yi. Ta yi tunanin ta ce kwamfuta ta lalace. To gobe fa, da jibi?

Aka kira la'asar. Ta yi salla ba ta san me ta karanta ba. Tana sallamewa ta ji jan tabarma.

Inna ta zauna, ta gyara zani, ta kai fuska kusa da allo. Ta ga gonaki, ta ga kaburbura, ta ga layin mutane da kaya a ka. Wasila ta ji kamar ta nutse a ƙasa.

"Wa ya shigo musu?"

"Ba kowa, Inna. Furar nan ce. Ni na yi kuskure, suka cinye har iri. Yunwa ce ta tashe su."

"Ba mai bin su a baya?"

"Babu."

Yatsar tsohuwar ta bi layin a hankali har ta tsaya kan jar hula. "Mi ya sa ya tsaya?"

"Ni na tsayar da shi. In na saki zai fita, kuma ba zai dawo ba. Na yi iya yina, Inna, na kasa."

"Kowa na tafiya, ke kin riƙe shi cikin gari?" Inna ta juyo, idonta jawur, muryarta ta dawo irin ta da. "Sake shi! Sake shi ya bi mutane!"

Wasila ta danna. Ɗan mutumin ya ɗaga ƙafa, ya bi bayan wata mata mai goyo, ƙunshinsa na rangaji. Ya kai bakin taswira, ya wuce, wurin ya zama fili.

Inna ba ta ɗauke ido daga wurin ba.

"Ya fita?"

"Ya fita, Inna."

"Da ƙafafunsa?"

"Da ƙafafunsa."

Tsohuwar ta shafa fuska da hannu biyu ta ce alhamdulillahi. Sannan ta kifa kai a kafaɗar jikarta ta fashe da kukan da ba ta yi ba tun ranar da aka kawo ta Gusau.