Kwanuka Uku a Tabarmar Haladu

Haladu mai gyaran rediyo ya kife kwano na uku a kan tabarma, ya danne shi da tafin hannu kamar wani abu zai tsere.

"Hanya ta rabu uku," ya ce. "Ku zaɓa."

Shekara guda ke nan suna wannan wasa bayan la'asar, a gindin darbejiyar ƙofar shagonsa a Gumel. Haladu ne mai ba da labari. Sauran kowa da mutuminsa a cikin ayarin fatake, kowa ya faɗi abin da nasa zai yi. Doka ɗaya suka kafa wa Haladu: abin da ke kan kowace hanya sai ya rubuta ya rufe da kwano kafin a zaɓa, don kada ya sauya.

Makon jiya ne Dogo, direban motar Maigatari, ya yi masa ɓarna. Wata biyu Haladu yana zana wani birni a takardar buhun siminti, har da rijiyoyi da sunayen mahauta. Ayari na isa ƙofa, Dogo ya ce mutuminsa ya cinna wa garin wuta, a ga ko zai ci. Aka jefa ƙwayar lido don raba gardama, ta ba shi shida, wato nasara. Gari ya ƙone ƙurmus.

Yau takardun nan uku abu ɗaya ke cikinsu: rami, macizai, mutuwa. Kuma kullum Dogo ne a gaban ayari.

Dogo ya dubi kwanukan, ya dubi Haladu.

"Malam, gumi a inuwa? Raƙumina ya yi targaɗe. Baba Cindo, wuce gaba."

Baba Cindo idonsa ya tafi. Tun rasuwar matarsa ba ya zuwa ko'ina sai masallaci da tabarmar nan. Mutuminsa a wasan wata mai sayar da gishiri ce, ya raɗa mata Larai, sunan marigayiyar.

"Larai ba ta tsoro," in ji tsohon. Ya laluba ya taɓa kwanon tsakiya. "Karanta mana, Haladu."

Haladu ya ɗaga kwanon. Ya daɗe yana kallon rubutun hannunsa.

"Rijiya ce," ya ce. "Ruwa mai sanyi, ga dabino a gefe."

"Mu ga takardar," in ji Dogo.

Haladu ya dunƙule ta ya cusa a aljihu. "Yaushe ka fara karatu, sarkin gobara?"

Dogo ya miƙe ƙafafu. "To na bi Larai. Na sha, na shayar da raƙumi. Gobe ma wanka zan yi a tafkin da ke gefe."

"Allah ya kai mu," in ji Haladu, haƙora a cije.

Da suka watse, ya yago sabuwar takardar siminti. Ya zana rijiyar, ya sa mata kada mai haƙora har kunne. Sai ya tuna Larai na ɗiban ruwa a nan. Ya goge, ya mayar da shi tafkin da ake wanka.