Jan Bik ɗin Madam Tasalla

A gidan suna a Maraɗi aka fesa wa Madam Tasalla labarin: wai Khaulat, tsohuwar ɗalibarta, ta zana littafin wata jaruma mai tashi sama, ana koya wa yara ladabi da shi a lakwal, wato makarantar boko, kuma wai jarumar Madam ce da kanta.

"Zancen banza," in ji Madam. Shekara talatin ta yi tana gyaran takardun yara, ba ta yarda da magana sai ta gani a rubuce. Amma dai da safe sabuwar atamfa ta ɗaura, ta hau kabu-kabu tana ta murmushi ita kaɗai. Ashe dai an san darajarta!

Ta fara neman littafin a lakwal ɗin garin Tsibiri, aka ce ɗaya ne tak, an ara wa lakwal ɗin Jiratawa, inda Khaulat ke koyarwa. Ta juya. Babur na tsalle a gefen gonakin rani, ita tana gwada yadda za ta ce, "Haba, ni wace ce?"

Tana shiga lakwal yara suka kwashe da ihu: "Ga ta! Ga ta da gilashin!" Wata ta shige ƙarƙashin tebur. Sauran suka tuɓe takalma, suka durƙusa reras, suna gaisuwa suna ƙyalƙyala dariya.

Khaulat ta fito, alli ya faɗi daga hannunta.

"Madam! Sannu da zuwa. A kawo ruwa?"

"A kawo littafi."

Ta buɗe. Jarumar wata siririyar yarinya ce, Atika Mai-Iska. A shafi na shida ga wata tsohuwa, gilashi a kan hanci, riƙe da jan bik, ƙaton alƙalami kamar taɓarya; duk wanda ta zana wa sifili sai ya koma kamar ƙwaro. Atika kan sauko daga sama, ta tuɓe takalmi, ta durƙusa ta gaishe ta, ta tambayi gida da jikoki, sannan a fara faɗa.

"Don su koyi girmama manya ne, Madam, ko da..."

"Ko da me, 'yar nan?"

Madam ta laluba jaka, ta zaro jan bik. Yara suka yi kururuwar murna. Ta gyara kuskure biyu a shafin, kafaɗunta na rawa don dariya.

Da maraice maƙwabciyarta ta leƙo: da gaske tana cikin littafin?

"Ina ciki," in ji Madam. "Ni ce muguwar."