Takun Keken Ɗinki

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, kunnuwanmu na nan.

Wata tela ce dattijuwa, shekara talatin tana kan keken ɗinki na ƙafa, har jiki ya yi nauyi, sukari ya hau. Likita ya ce, "Mama, wata biyu na ba ki. In nauyin nan bai sauka ba, sai allura kullum." Ita kuwa ba abin da take tsoro a duniya kamar allurar asibiti.

'Yarta ta sa mata wani abu a waya mai ƙirga taku, yana kuma ƙiyasta kalori nawa mutum ya ƙona. "Ki jefa ta aljihu ki riƙa tafiya, Inna. Kalori ɗari uku a rana ya isa."

Ranar farko ta taka zuwa bakin titi, gwiwa ta ce ba da ita ba. Kalori arba'in kacal. Ta dawo shago ta hau keke, waya na aljihun riga a kan cinya. Da la'asar ta duba, sai ga ɗari uku da hamsin.

"Ashe kai-komon cikin shago ma tafiya ce," in ji ta. Ta ƙara wa shayinta cokali guda na sukari, ladan wahala.

Haka aka yi wata guda. 'Yar ta zo da sikeli, ko ƙwayar zarra bai motsa ba. Ta zauna kan buhun ƙyallaye tana tunani, uwar tana ta ɗinki. Can ta zaro wayar, ta ɗora a cinyar tsohuwa, tana kallon lamba na hawa duk lokacin da ƙafa ta danna feda.

"Inna, yau ina kika je?"

"Tambayi wayarki, uwar iya."

"Ta ce kilomita shida. Kekenki ne ya je, ke kina zaune."

Tela ta yi dariya har da hawaye. "To shi ne bai rame ba?"

Saura wata ɗaya. Ta daina jiran masu kaya su zo karɓa, ita take kai musu har gida a ƙafa, tana hutawa a duk inuwar da ta samu.

Kilo biyu ta sauke. Likita ya ce bai kai ba, amma ya ɗaga allurar ya ƙara mata wata uku. 'Yar ta koma aikinta, tela kuma har yau ita ke kai ɗinki da kanta.