Mohar Mai Hoton Bijimi

Dillali Hasmuk ya ajiye ɗan akwatin robar a kan teburin shagonsa da ke Rajkot, ya janye hannu da sauri kamar ya taɓa garwashi. Jorubha ya lura da hakan. Yayansa Balwant kuwa yana can yana kurɓar shayi a faranti.

Cikin robar akwai mohar ɗinsu, tsabar zinariya ta zamanin Sarki Jahangir mai hoton bijimi, wadda ta tsufa a wuyan kakarsu. Da kakar ta rasu, Balwant ya kai wa Kantilal, maƙerin zinariyar ƙauyensu, ya ce ya cire mata marataya ya goge ta sai ta ɗauki ido. Daga nan Hasmuk ya aika da ita Ahmedabad wurin masu tantancewa, don yanzu ba mai zuba kuɗi a gwanjo sai ya ga tsaba a rufe cikin robarsu, da makin da suka ba ta a goshi, wanda ƙololuwarsa saba'in ne.

Balwant ya ce, "Nawa suka ba ta? Sittin? Sittin da biyar?"

Hasmuk ya kira shi da lakabin girmamawa, ya ce, "Bapu, ba su ba ta maki ba."

"Mantawa suka yi?"

"Sun rubuta ta gaske ce, ba jabu ba. Amma sun ce an cire marataya, an kuma goge ta. Irin wannan ba sa ba ta lamba."

"To da dauɗarta suke so in kai musu?"

Hasmuk ya ce, "Ai dauɗar ake saye, Bapu."

Jorubha ya saci kallon Balwant. Ya san abin da ke cin yayansa. Balwant ya riga ya gaya wa duk ƙauye cewa da kuɗin zinariyar nan zai dawo da gonar gyaɗar bakin rafi da mahaifinsu ya sayar. Har ya tare mai gonar a kasuwa, a gaban jama'a, ya ce masa ya ji daɗin noman bana don shi ne na ƙarshe.

Suka kama hanyar gida, Jorubha na tuƙi. Da suka shiga ƙauye Balwant ya ce, "Tsaya a maƙera."

"Yaya, mu je gida ka ci abinci tukuna."

"Na ce ka tsaya."

Kantilal yana zaune a ƙasa yana gyaran awarwaro. Ya miƙe yana haɗa tafuka, gaisuwar ba ta gama fita ba Balwant ya sauke masa sanda a kafaɗa. Kantilal ya faɗi kan kaskon wuta, garwashi ya watse.

"Bapu, kai ka ce in goge! Da bakinka ka ce!"

"Da wane hannu ka goge?"

Balwant ya take masa wuyan hannun dama a kan uwar maƙera, ya ɗauki gudumar Kantilal ɗin ya shiga bugu. Jorubha yana bakin ƙofa, yana jin ƙarar ƙashi kamar ana karya ƙirare. Bai yi yunƙurin hana shi ba. Tun suna yara haka yake, yaya yana yi, shi yana tsaye. Maƙwabta suka leƙo, suka ga ko wane ne, suka koma.

Jorubha ne ya kai Kantilal asibiti. Da likita ya tambayi abin da ya faru, Kantilal ya dubi Jorubha, ya ce ƙofar ƙarfe ce ta datse shi.

Duk da haka Balwant ya ce sai an sa tsabar a gwanjo. A ganinsa masu kuɗi suna da ido, ba sai wata tsohuwa ta rubuta musu lamba ba. Tsohuwar da yake nufi ita ce Mehru Daruwala, shugabar masu tantancewar, wadda sa hannunta ke kan takardar shaidar.

A babban zauren wani otal na Ahmedabad aka yi gwanjon. Sanyin na'ura ya cika wurin, ga attajirai da rigunan siliki, ga 'yan mata jere a gefe da wayoyi a kunne suna tayawa a madadin mutanen Mumbai da Dubai. A bayan zauren, kusa da ƙofa, Mehru na zaune a teburin kamfaninsu, 'yar ƙaramar tsohuwa mai furfura da tabarau, tana duba tsabobin da mutane ke kawo mata.

Rashin sa'a, a gwanjon akwai wata mohar irin tasu sak, bijimi ɗaya, shekara ɗaya, sai dai ita ta dushe, kuma robarta na ɗauke da sittin da biyu. Aka fara da ita. Hannuwa suka yi ta tashi, 'yan matan waya suna ɗaga yatsa suna sauke shi. Mai gwanjo ya buga guduma a kan rupi miliyan talatin, zaure ya ɗauki tafi.

Balwant ya zunguri ƙanensa. "Ka gani? Wannan mai kama da an tono ta a kwata. Bari su ga tamu."

Aka nuno tasu a allo, tana walƙiya. Mai gwanjo ya karanta abin da ke jikin robar, ya buɗe da miliyan biyu. Shiru. Ya sake kira. Wani mai ƙaton ciki a layin gaba ya ce wa na kusa da shi, da ƙarfin da kowa zai ji, "An wanke ta kamar kwanon amarya." Aka yi dariya. Ba wanda ya taya.

Jorubha ya kama gefen rigar yayansa, rigar ta zame daga hannunsa. Balwant ya haura gaba, ya fizge robar daga tiren yarinyar da ke riƙe da ita, ya ture mai gwanjo, ya nufi bayan zaure. Ya buga robar a kan teburin Mehru.

"Ke ce mai rabon lamba? Rubuta."

Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. "Ɗana, wanda ya goge ta shi ya cinye lambar. Ni abin da na gani na rubuta."

Ya ɗauke ta da mari, tabarau ya tashi, ta kife tare da kujera. Ya yar da robar a ƙasa ya taka da dunduniyar takalmi, ya sake takawa, har ta tarwatse. Ya zaɓi tsagi mai tsini, ya damƙi gashin tsohuwar ya ɗago ta, ya ɗora mata a wuya. Jini ya fara bin rigarta. Mutane suka yi ta kansu, kujeru suna faɗuwa.

"Yau za ki rubuta saba'in, ko da jininki ne!"

Jorubha bai san lokacin da ya isa ba. Ya dai ji hannunsa ya shaƙe wuyan yayansa ta baya, suka zube a kan gilashin teburin nuni, ya fashe a ƙarƙashinsu. Balwant ya fi shi ƙarfi. Ya juye shi, ya hau ruwan cikinsa.

"Ni za ka taɓa, Joru? Ni?"

"Yaya, sa'ar uwarmu ce!"

Tsagin robar ya sauko. Jorubha ya ji wani zafi ya ratsa idonsa na hagu har ƙeya, rabin duniya ya yi ja. Ya lalubi ƙasa, hannunsa ya faɗa kan butar tagullar da aka kawo wa Mehru ruwa. Ya maka wa yayansa a muƙamuƙi. Ya ƙara. Bai daina ba sai da Balwant ya sulale gefe, haƙora da jini a kan darduma, sannan masu gadi suka iso da kulake, suka haɗa su duka suka jibga.

Idon bai tsira ba. Mehru ta yi sati biyu a asibiti, ta koma aiki da mayafi a wuya. Ita ta kai ƙara. Ranar shari'a sai ga Kantilal ya shigo ba wanda ya kira shi, ya ɗaga wa alƙali hannunsa da ya shanye, ya faɗi komai. Aka yanke wa Balwant shekara bakwai.

Tsabar ta daɗe a wurin 'yan sanda. Da aka dawo da ita, ƙusar takalmin Balwant ta yi mata tsaga daga ƙahon bijimin har wutsiya. Hasmuk ya juya ta, ya ce ba wanda zai ƙara sa ta a roba, ya ɗora ta a ma'auni ya saye ta kusan farashin nauyinta. Jorubha ya kai wa Kantilal rabi, ya ba matar yayansa sauran. Ta karɓa, amma ta hana 'ya'yanta gaishe shi.

Ba ya iya tuƙi yanzu, sai ya riƙa shiga motar haya zuwa gidan yari duk wata, da gurasar gero da man shanu a ƙunshi. Sau da yawa gandiroba yakan dawo ya ce fursunan ya ƙi fitowa. A shekara ta biyu ya fito. Ya rame, bakinsa ya karkace, maganarsa ba ta fita sosai. Ya tsaya ta bayan ragar ƙarfe yana kallon inda idon ƙanensa yake a da.

Can ya ce, "An yi ruwa a gida?"

"An yi, Yaya. Rafi ya cika."

Balwant ya gyaɗa kai, ya karɓi ƙunshin daga hannun gandiroba, ya koma ciki.